Buhun Tsofaffin Naira

Da hantsi suka ɗauke Yaya, ido na ganin ido. Ya tafi kwaso kara a gonarmu ta bakin daji, can ta wajen Gabi, shi da maƙwabcinsa, da amalanke da shanun huɗarsa biyu. Maƙwabcin ne ya ba mu labarin daga baya, yana kwance a likitar Madarumfa, wato asibiti, da cinya a ɗaure. Ya ce suna cikin loda kara sai ga mutane bisa moto, wato babur, sun ɓullo daga cikin sabara, kowa da bindiga a rataye. Shi ya zura da gudu, suka harbe shi a cinya, ya faɗi tsakanin kunyoyin gona ya yi lamo kamar ya mutu. Yaya kuwa, da yake Allah ya yi shi da taurin kai, sai ya ɗauki sandar korar shanu ya kwaɗa wa na farkon da ya taɓa shi. Suka yi masa rubdugu. Da gindin bindiga suka fasa masa baki, suka tattaka shi, suka ɗaure shi tamau da igiyar da ya zo ɗaure kara da ita. Sa ɗaya ya bi su. Ɗayan ya turje, sai wani ya zare adda ya sare masa agara duka biyu, suka bar shi nan.

Ni na fara isa wurin, don ranar ina Gabi, na kai kaya. Na tarar da san yana jan jiki cikin ƙasa yana kuka, jini ya jiƙa kara, ga takalmin Yaya ƙafa ɗaya a yashe, ga haƙori kusa da shi. Da hannuna na yanka san nan, san da Yaya ke ba dusa kafin shi kansa ya karya kumallo. Ban yi kuka ba. Zagi na dinga yi, ni kaɗai a tsakiyar gona, har muryata ta dishe.

Yaya wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tun rasuwar Baba shi ne uban gidan. Da kuɗin gyaɗarsa ya saya mini moton da nake nema da shi, ina ɗaukar buhunan zogala da tattasai daga garake, wato lambunan bakin tafkin Madarumfa, zuwa Ɗan Issa da Jibiya. Ba ya kirana da sunana, sai dai Sarkin Yawo. In na dawo daga kasuwa ya tare ni a ƙofar gida: "Sarkin Yawo, an samo, ko ƙona isansin moto kawai anka yi?" Ni kuma in ce masa ya je ya duba shanunsa, tunda ya fi saurin jin tarin shanun a kan tarin matarsa. Haka muke, ba mu iya gaisawa ba tare da tsokana ba.

Da wayarsa suka kira mu. Ba da magana suka fara ba, da duka suka fara. Suka bar wayar a buɗe, muna jin sanda na sauka a jikin mutum, muna jin Yaya na salati. Inna, mahaifiyarmu, ta tashi ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Kawu, ƙanenta, wanda dillalin shanu ne tun ban san kaina ba, shi ya karɓi wayar ya shiga ciniki. Na tsani kalmar nan, amma abin ba shi da wani suna. Suka yanka kuɗin da ko garin duka aka sayar ba zai kai ba. Kawu ya taya, suka ce albarka. Wallahi albarka suka ce, kamar a kara, kasuwar shanu. Aka yi ta ja, yau a kira, gobe a kashe waya, kowane kira da nasa dukan, har suka sallama.

Naira suka ce a kawo. Mutanen daji ba sa karɓar sefa, don a wancan gefen iyaka suke sayen shinkafarsu da man motonsu. Wannan bai ba kowa mamaki ba. Mu nan da kuɗi biyu muka tashi: lanho, wato haraji, da kuɗin lakwal, wato makaranta, da magani, sefa; cefane da sayen atamfa da abin da ɗan cin rani ya aiko, naira. Ba mu taɓa ɗaukar naira baƙuwa ba.

Muka shiga tara kuɗi. Na sayar da garkata ta bakin tafki ga wani Alhaji daga Maraɗi, wanda ya san a matse nake ya kuma taya yadda ya ga dama. Inna ta fitar da awakinta. Matar Yaya ta sayar da gadonta da kwanoninta na jere, ta koma kwana a tabarma. Gyaɗar iri ma ba ta tsira ba. Bayan sallar Juma'a liman ya yi magana, aka shimfiɗa rawani a ƙofar masallaci, mai dala goma ya jefa, mai jikka ya jefa. Da yake yawancin masu sayen kayanmu mutanen Maraɗi ne, sefa muka tara. Sai ni da Kawu muka nufi Ɗan Issa wajen 'yan canji.

Mun ji labarin, ba zan ce ba mu ji ba. Rediyo ta daɗe tana faɗa cewa a can ƙetaren iyaka an buga sabbin takardun kuɗi, an kuma sa wa tsofaffin wa'adi. Amma kowa cewa yake rigimar manya ce. Zaɓe ya ƙarato, wasu sun jibge kuɗi a ɗakuna don sayen ƙuri'a, wasu kuma suna so su mai da musu su takardar ƙunshin ƙosai. Ina ruwan mai zogala? Za su ƙara wa'adi, za su shirya tsakaninsu, su da suke cin abinci a kwano ɗaya.

Ɗan canjin da muka je wurinsa na san shi, shekaru ina canji a teburinsa, a rumfar da ke kusa da duwan, ofishin kwastan na bakin iyaka. Ya dubi ƙullin sefarmu ya ce, "Tsoho ko sabo?"

Sabo kaɗan ne a hannunsa, kuma da tsadar da in muka bi ta, rabin kuɗin fansar ma ba za mu haɗa ba. Tsoho kuwa ya yi arahar da ban taɓa gani ba. In muka ɗauki tsoho, kuɗin sun cika har da rara. Na ga idon Kawu ya yi haske, irin hasken da yake yi in ya hango sa mai kyau a hannun wanda bai san darajarsa ba.

"Kuɗɗi ai kuɗɗi na," in ji Kawu. "Mutum shina cikin daji, daga shi sai birai, mi ya sani ga launin takarda?"

Muka yi dariya, dariyar farko tun ranar da aka ɗauke Yaya. Har muka ce sauƙi ne Allah ya kawo mana. Ɗan canjin ya ɗaɗɗaure su da roba cikin sauri, ya zuba mana a buhun takin zamani, bai yarda mun haɗa ido ba.

Mutanen dajin suka yi mana kwatance ta waya: mu wuce ƙauyen ƙarshe, mu bi busasshiyar korama, mu tsaya gindin wata tsamiya. Na goya Kawu a moto, buhun a tsakaninmu. Suka bar mu nan muna gasuwa har azahar, sannan suka fito ta ko'ina. Shugabansu siriri ne, bai kai ni shekaru ba, da ƙaramar rediyo rataye a wuyansa. Tun da na ga rediyon nan na san labarin kuɗin ya riga mu isowa.

Ya kwance bakin buhun, ya zaro bandir ɗaya, ya juya shi. Ya ɗago ya dube mu.

"Wa ya aiko ku da wanga?"

Kawu ya matsa da muryarsa ta kasuwa, ya miƙa hannu zai nuna. "Ranka ya daɗe, cikakku na, a ƙirga a gani, ko ɗaya ba ta..."

Gindin bindiga ya sauka a kan hannun. Na ji ƙarar yatsun kamar an taka busasshen kara. Na yunƙura, wani ya maka mini wani abu a ƙeya, na faɗi, jini ya rufe mini ido, takalmi ya danne mini wuya a ƙasa.

"Mai kawo muna shinkafa ya bar amsar su," in ji shugaban, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Mai kawo muna mai ya bar amsar su. Mu kunka raina? Mu za ku zubo ma shara?" Ya damƙo takardun ya cusa wa Kawu a baki, yana turawa da babban yatsa, dattijo mai furfura yana kakari yana hawaye. "Ci. In kuɗɗi na, ci."

Sannan suka fito da Yaya. Da ba don tsawonsa ba da ban gane shi ba. Marin ƙarfe a ƙafafunsa, ƙafafun sun kumbura sun fashe, baki ya karkace, ido ɗaya a rufe. Ya dube ni a ƙasa da ɗayan idon, ya ce da wata murya da ba tasa ba, "Sarkin Yawo, kai ma sun taɓa ka?"

Mutum biyu suka riƙe shi. Shugaban ya zaro wuƙa, ya kama kunnen Yaya na hagu ya yanke shi, a gabana, a hankali, don wuƙar ba ta da kaifi. Ihun da Yaya ya yi har yau yana tashina daga barci. Shugaban ya jefa kunnen cikin buhun.

"Tunda ba ku jin radiyo, ga kunne nan ku tahi da shi. Sabbi nike so. Ku kwashe tarkacenku."

A bakin korama muka tona rami muka binne kunnen, Kawu na riƙe da karyayyen hannunsa. Muka faɗa wa Inna cewa mun faɗi da moto, cewa Yaya na nan lafiya yana gaishe ta, an ɗan samu tangarɗa ce kan kuɗin. Ta dube mu ta ce to. Ban sani ba ko ta yarda.

Washegari na koma Ɗan Issa da buhun. Ɗan canjin ya ce zai karɓa, amma a farashin da bai kai kuɗin awakin Inna ba. Ya ce jiya ciniki, yau ma ciniki, shi ma haka aka zuba masa su. Ban san lokacin da na kifar da teburinsa ba. Na shaƙe shi, na dinga buga kansa da ginshiƙin rumfar har hularsa ta faɗi, hancinsa ya fashe. Sauran 'yan canji suka taso mini da benci da duk abin da hannunsu ya kai. Jandarma ne suka janye ni, suka ƙara mini da nasu marin, suka zaunar da ni a rana. Wajen la'asar wani babba cikinsu ya buɗe buhun, ya ga jinin da ya bushe a kan takardun, ya tambaye ni, na faɗa masa. Ya ɗaure bakin buhun da kansa ya ce in tafi. Na san ba ɗan canjin nan ya buga sabbin kuɗi ba. Shi ne dai hannuna ya iya kaiwa gare shi.

Na gwada Maraɗi. A banki wani saurayi mai karabat ɗaure a wuya ya saurare ni da ladabi, sannan ya ce naira ba kuɗin ƙasarmu ba ne, ba sa taɓa su. Ya fara faɗa da Faransanci, da ya ga ina kallonsa ya maimaita da Hausa. Gaskiyarsa ce, haka aka koya masa. Manyan da ke riƙe da sefa suna can nesa, a ƙasar Turawa suka yi karatunsu, kuma a lissafinsu duk wanda ke Madarumfa da sefa kaɗai yake ci yake sha. Ba wanda ya taɓa gaya musu rabin tukwanen garin da naira ake ɗora su. Gwamnati dai ta san hanyar garinmu sarai in lokacin lanho ya yi.

Sai na ƙetara Katsina. Tun da asuba na shiga layi a ƙofar wani banki, in layi za a kira shi, don titin duka mutane ne. A nan na ji cewa sai mai asusu, asusun ma sai da wata lamba da ake ɗaukar yatsun mutum kafin a ba shi. Ni kuwa katin ɗan ƙasar Nijar ne a aljihuna. Na tsaya duk da haka, don ban san inda zan je ba. Rana ta take, ƙofa a rufe. Sai magana ta fara zagayawa cewa an ga wata mota mai baƙin gilashi tana lodin akwatuna ta ƙofar baya. Ko gaskiya ne ko ƙarya, ni ban gani ba. Amma jama'a sun yarda. Aka fara turawa daga baya, ƙofar ƙarfe ta lanƙwashe ta faɗi, duwatsu suka fara tashi, gilashi na zuba a kan mutane. 'Yan sanda suka iso da dorina da barkonon tsohuwa, suna harbi sama. Wani tsoho da ke gabana tun safe, wanda ya ƙulle kuɗinsa a gefen rawani, ya faɗi. Taron ya bi ta kansa, da ni a ciki. Na ji ƙirjinsa a ƙarƙashin ƙafata, ban iya tsayawa ba, ana tura ni. Dorina ta tsaga mini riga da fatar baya, amma ban saki buhun ba, na rungume shi a ciki har na fita.

A wajen wani mai shayi na zauna ina wanke idona. Yana da ƙaramin talbijin a kan akwati. Sai ga wani mutum cikin kwat, fuska sumul, yana bayani da Turanci yana murmushi. Mai shayin ya riƙa fassara mana. Wai wannan tsari zai gyara kuɗin ƙasa, kowa zai koma ciniki ta waya. Wai kuma zai karya masu satar mutane, tunda in babu takardar kuɗi a hannun jama'a, babu abin da za a kai musu daji. Na miƙe tsaye, na zagi mutumin nan, na zagi kwat ɗinsa, na zagi wanda ya ba shi kujera. Mai shayin ya rufe talbijin ɗinsa da jiki don ya ga ina neman dutse.

Daga baya na yi ta tambaya, su wane ne ke zama su yanke irin wannan hukunci? Abin da na tsinta a bakin waɗanda suka fi ni sani shi ne, akwai wanda daga makarantar ƙasar waje sai banki, bai taɓa wani aiki ba, kuɗi a wurinsa lamba ce a fuskar na'ura. Akwai wanda a bariki ya girma, inda ake ba da umarni a sa rana, kuma ranar ta zo a ga an yi. Akwai wanda idonsa na kan kujera, so yake ya karya abokin takara kafin ranar ƙuri'a. Ni ba mai ilimi ba ne, wataƙila a takarda abin nasu daidai yake. Amma na lura kowa da abin da ya saba yake yanke shawara. Kawu dillali ne, ya ga araha ya ɗauka, don abin da ya yi duk rayuwarsa ke nan, kuma yatsunsa ne suka biya. Su ma abin da suka saba suka yi. Sai dai su ko ƙwarzane ba wanda ya samu. Da a ce cikinsu akwai mutum ɗaya da uwarsa ke ajiye kuɗi a ƙasan tulu, ko wanda ya taɓa zama garin da sai ka hau tudu waya ke shiga, da ya ce a dakata. Ina jin haushinsu har gobe, kuma ba na neman a ba ni haƙuri.

Da rarar nan da Kawu ya yi wa murna na sayi 'yan sabbin takardu a hannun wani mai sayar da mai, a bayan gidan mai, kamar masu cinikin ƙwaya. Abin da na samu bai cika aljihun riga ba. Wani ɗan kasuwar Jibiya da muke hulɗa ya ce in mutanen dajin sun yarda zai tura musu ta waya daga asusunsa, mu biya shi a hankali. Na faɗa wa shugabansu. Ya yi dariya. "Don a bi sawunmu? Takarda, sabuwa, mai ƙamshi." Daga nan ya sa aka kawo Yaya kusa da wayar aka dake shi. Kowane kira ihun na raguwa. Daga baya sai nishi kawai nake ji, nishin ma sai na kasa kunne.

Buhun na nan ƙarƙashin gadona. Kullum in fita neman sabbi, kullum in dawo da 'yan ƙwarori. Matar Yaya ta daina tambayata, kallona kawai take in na shigo. Zafi ya fara shigowa. A can aka yi zaɓe, aka gama, masu murna suka yi, masu kuka suka yi.

Ina Ɗan Issa wata rana da azahar, na ji kasuwa ta kaure da ihu. Mutane sun yi cincirindo a kan rediyo. Wai kotu ta ce tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki, manyan bankin ma sun bi. Haka kawai, da baki. An gama abin da za a yi da su, yanzu ba sa tsone wa kowa ido. 'Yan canjin da jiya ba sa ko kallon tsohuwar naira suka shiga bin mutane suna tambayar wa ke da ita. Nan take na kira lambar Yaya, na sake kira, har aka ɗauka.

"Mun ji," in ji shugaban. "Kawo su gobe. Wuri na da."

"A ba ni shi in ji muryarshi."

"Shina barci."

Na yi gudu a hanyar gida kamar zan kashe kaina. A daren nan aka dafa abinci a gidanmu aka ci. Da safe Inna ta miƙo mini farar rigar Yaya ta Juma'a, ta wanke ta ninke, da hularsa, ta ce kada ya shigo gari da tsumma a jikinsa mutane na kallo. Matarsa ta dama fura ta zuba a jarka. Kawu bai iya riƙe komai da hannunsa ba tukuna, don haka ni kaɗai na tafi.

Gindin tsamiyar nan suka same ni. Shugaban ya zauna a kan saiwa, ya zazzage buhun, ya shiga ƙirga yana lasar yatsa. Takardun nan dai da ya cusa wa Kawu a baki, wasu har da tabon jini, ya jera su a kan cinyarsa yana gyara musu kusurwa.

"Sun cika," ya ce. "Kai mutumin kirki na."

"Ina yayana?"

Ya nuna da bakin bindiga. "Bi koramar nan, ba nisa." Ya miƙe yana karkaɗe wando. "Jiya da sahe yara sunka gaji da shi. Ba ya tahiya, ba ya ci, sai ɗauka. Labarin kuwa bai iso ba sai azahar."

Na yi kansa. Wani ya harba a gaban ƙafata, ƙasa ta watso mini a fuska, wani ya tokare ni da bindiga a ciki na durƙushe. Ina nan ina haki ina tsine musu suka hau motonsu suka tafi. Ko waiwaye ba su yi ba.

A kife na same shi cikin yashi, da rami a ƙeyarsa, ƙudaje sun rufe wurin. Sun cire marin ƙafarsa sun tafi da shi, don za su buƙace shi. Na juya shi. Na wanke masa fuska da ruwan shan da na zo da shi, na cire tsumman jikinsa na sa masa farar rigar, na ja hular ta rufe raunin da wurin kunnen. Ban iya barinsa in je neman mutane ba, ga ungulu a kan itace. Na turo moton cikin koramar na jingine shi da gaɓa. Yadda na yi na ɗora shi ni kaɗai, Allah ne ya sani, amma ya rame har ba shi da wani nauyi. Na zauna a gabansa, na ɗaure shi a bayana da robar da nake ɗaure buhunan zogala, na zagayo da hannuwansa ta cikina na ɗaure su. Kansa ya kwanta a kafaɗata.

A hankali na riƙa tafiya. A ƙauyen farko wasu mutane da ke zaune gindin bedi suka miƙe, suka ga mutum biyu bisa moto, na baya da farar riga da hula. Suka ɗaga hannu. "Barka da arziki! Barka da arziki!" Na sunkuyar da kai na wuce su. Ƙauye na gaba ma haka, har da masu biyo ni da gudu suna tafi. Wani cikinsu ya kira gida ya yi albishir, labari ya riga ni isa.

Tun daga bakin gari na hango taro a ƙofar gidanmu, na ji mata na rangaɗa guɗa. Sai wata ta fito daga cikin taron ta nufo ni. Inna ce, ba mayafi, ba takalmi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta ambaci sunan Yaya ba, saboda ɗan fari ne, ko kallonsa ba ta cika yi a gaban mutane ba. Ranar nan tana gudu a tsakiyar hanya, hannuwa a buɗe, tana kiran sunansa da ƙarfi kowa na ji.

Na rage gudu, na ƙara ragewa, har moton ya mutu a hannuna. Ita kuwa tana ta tahowa.